Hannun da Ya Rage a Hoto

Ranar da Yaya Babba ya sa almakashi a hoton gidansu, Auta ne ya riƙe masa gefe ɗaya don kada ya karkace.

Tsohon hoto ne, baƙi da fari, har ya soma komawa ruwan ƙasa. Mahaifinsu na zaune a kujera, mahaifiyarsu na gefensa. Yaya Babba yana tsaye daga dama, ya ƙame kamar soja. Auta yana gaba, ɗan yaro da gajeren wando, ya turo baki. A bayansa, can gefen hagu, 'yar'uwarsu ce ta tsakiya, wadda yanzu kowa a gidan ke kira Goggo. Lokacin tana 'yar budurwa, ta ɗora hannu a kafaɗar Auta don kada ya gudu.

Abin da ya fito da hoton daga ƙasan akwati shi ne aikin da ofishin adana tarihi na garin ya soma. Sun kwaso tsofaffin takardu, da rajistar haihuwa, da ta makarantu, suna ɗaukar su a na'ura suna zubawa a intanet. Duk mai waya, ko daga ina yake, sai ya rubuta sunan kakansa ya ga inda ya fito. Aka ce kowane gida ya kawo hotunansa da tarihinsa a buɗe masa shafi. Yaya Babba, mai shagon kayan gini kuma shugaban gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya fi kowa ɗoki. Babban ɗansa na neman auren wata 'yar manyan gida daga wani gari, mutanen da aka ce ko akuya za su saya sai sun tambayi uwarta.

Goggo kuwa tana da farfaɗiya tun tana yarinya. Ba ta yi aure ba, ba ta cika fita ba. Da maganin da ake karɓo mata a asibiti takan daɗe ƙwarai ba ta faɗi ba.

"Yaya, tana ɗakinta fa," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Za ta iya jin mu."

"Ai ba ita nake yankewa ba. Takarda nake yankewa. Riƙe da kyau."

Almakashin ya bi ta tsakanin kafaɗar yaron da jikin yayarsa. Siririn yankin ya faɗi ƙasa. Amma hannun bai tafi ba, don ba yadda za a cire shi sai an haɗa da kafaɗar Auta. Yatsu suka rage a kan rigar yaron, babu mai su.

Yaya Babba ya ɗaga hoton ya duba a haske. "Wa zai lura? Kai ma da ba a gabanka aka yi ba, ba za ka gani ba."

Auta ya mayar da almakashin wurinsa. Shi mai gyaran rediyo ne da fanka, shagonsa ɗan ƙarami ne a jikin katangar gidan, kuma da shagon da ɗakunan da yake zaune da iyalinsa duk a hannun Yaya suke. Ya saba yin shiru. Da yamma ya ga Goggo ta shiga falon da aka yanka hoton da tsintsiya kamar yadda take yi kullum, ya kau da kai.

Matsalar ita ce, sauran hotunan cike suke da fuskokin da babu wanda ya sani. Ofishin kuwa sun ce ba sa karɓar fuska babu suna. Mutum ɗaya ne a gidan ya san su duka. Washegari Yaya Babba da kansa ya kai wa Goggo hotunan, ya ajiye wayarsa a kan tabarma tana ɗaukar murya.

"Ikon Allah," in ji Goggo. "Yau babban mutum ne a ɗakina? Auta, leƙa ka ga ko rana ta fito ta yamma."

Ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana matso da su kusa da ido. Wannan kakanmu ne, maƙeri, ga tabon wuta nan a goshinsa. Wannan ƙanwarsa ce, wadda ta yi rantsuwa ba za ta hau mota ba, kuma har ta mutu ba ta hau ba, sai gawarta aka ɗora. Wannan mai hular kawunmu ne, hular ma aro ce. Ta jero zuriyar tun daga sama, wane ya haifi wane, wance ta auri wane, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har Yaya Babba sai da ya yi dariya.

Da ta gama ta sake juya hotunan. "Ina namu na gaban ƙofa? Wanda na riƙe wannan ɗan rigimar?"

"Ɓera ya ci gefensa," in ji Yaya, yana tattara kayansa.

Goggo ta dubi Auta. "Ɓerayen zamani," ta ce. "Har layi suke bi in za su ci abu."

A ofishin adana tarihi, wata ma'aikaciya mai farar safar hannu ce ta karɓe su. Ta kwantar da kowane hoto a kan gilashin na'ura, haske ya bi ta ƙarƙashi, sai ga shi ya fito a allon kwamfuta ya fi na ainihi girma. Ta rubuta sunan mahaifinsu, rajistar haihuwar da suka riga suka ɗauka ta buɗe.

"Na ga 'ya'ya uku a nan. Ku biyu, da mace a tsakani. Ita fa?"

Auta ya waiwayi Yaya Babba.

"Ta rasu tana ƙarama," in ji Yaya Babba.

"Allah ya jiƙanta," in ji ma'aikaciyar, ta rubuta. "Muryar nan fa da kuka kawo, sunan wa zan sa?"

"Wata tsohuwa ce da ta yi wa mahaifiyarmu aiki. Ki sa haka kawai."

"Kai, amma ta san gidanku." Ta faɗaɗa hoton gaban ƙofa har kafaɗar yaron ta cika allon. "Wannan hannun na wa ne?"

"'Yar maƙwabta ce ta faɗo cikin hoton."

Ta dubi Auta kamar tana jiran ya ƙara wani abu. Shi kuwa ya zuba wa takalminsa ido. Ta miƙa wa Yaya takarda ya sa hannu, ta bayyana masa cewa daga yau shi ne mai shafin, babu mai ƙarawa ko ragewa sai da izininsa.

A hanya Auta ya yi ƙarfin hali. "Yaya, mutuwa fa ka ɗora mata."

"To me kake so in ce? In ce tana nan, su ce ina take, wa ta aura, me ya hana? Ka san yadda mutane suke da ciwon nan. Cewa za su yi a jini yake. 'Ya'yana nake dubawa, da naka. Kai ba 'ya mace gare ka ba? Ita Goggo me ta rasa? Waya gare ta? Rubutu ne kawai, ba ya cizo."

Maganar 'ya mace ita ta rufe bakin Auta. 'Yarsa ƙarama, wadda ya sa wa sunan Goggo ake kiranta Takwara, ta soma wani abu da ke hana shi barci. Tana cikin magana sai ta ɗauke, idonta a buɗe, kamar fitilar da aka zare wa waya, jim kaɗan kuma ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shi da matarsa suka sani, kuma ko su ba sa kiran abin da suna.

Rubutun da aka ce ba ya cizo bai daɗe ba ya fito da haƙora. Surukan da ake nema suka duba shafin, suka yaba, suka ce za su riƙa zuwa a saba da juna. Ɗakin Goggo kuwa yana kallon falon baƙi. Matar Yaya ta ce ɗakin na bukatar fenti, a mayar da Goggo ɗakin ajiya na bayan gida kafin ya bushe.

Auta ne ya kai mata katifa. Ɗakin babu taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Buhunan siminti a gefe ɗaya, tsofaffin bokitan ƙarfe da kwanon rufi a ɗaya gefen. Ƙofar ƙarfe ce, sakatarta ta waje. Ya ja mata waya ya sa ƙwan fitila, ya kawo wata fanka da mai ita ya manta da ita a shago.

"Kwana kaɗan ne, Goggo."

"Na sani, ɗan autan Inna. Ai fenti ba ya shekara."

Fenti ya bushe, aka zuba kujeru sababbi a ɗakin, aka rataye hotunan kakanni a bango. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Duk ranar da baƙi za su zo, matar Yaya takan kai wa Goggo abinci da wuri, in ta fito ta tura sakata. "Don kada yara su dame ki," takan ce ta bayan ƙofa.

Sai maganar magani ta taso. Yarinyar da ake nema ashe a ɗakin ba da magani na babban asibiti aka tura ta aiki, wurin da Auta ke zuwa da katin Goggo. Katin kuwa yana ɗauke da cikakken sunanta da na mahaifinsu. Yaya Babba ya karɓe shi ya sa a aljihu.

"Zan riƙa sayowa a kemis. Duk magani ai magani ne."

Farko ya sayo. Na biyu ya sayo wani iri, ya ce irin nata ya yanke a kasuwa. Na uku ya manta, ya ce hidima ta yi masa yawa. Auta ya je kemis da tsohon kwalin, mai kemis ya ce wannan ba a bayar da shi sai da takardar likita, likita kuma sai da kati, sai da mai ciwon. Ya dawo ya tsaya a ƙofar shagon Yaya.

"Bari in kai ta da kaina, ko wani asibitin ne."

"Wane asibiti ne ba za su rubuta suna ba? Ka yi haƙuri a ɗaura auren nan. Bayan nan ka kai ta ƙasar waje ma in kana so. Shekara nawa tana shan maganin nan? Ai jikinta ya ƙoshi da shi."

Goggo ta soma faɗuwa. Farko jifa-jifa, daga baya kusan kullum. Auta kan same ta da safe leɓenta a fashe, ko goshinta a kumbure inda ta bugi bokiti. Harshenta ya yi rauni har abinci ya soma gagararta. Ya kwashe bokitan da ya iya, matar Yaya ta sa aka mayar, ta ce tsakar gida ba juji ba ne. Wani lokaci yakan tambaye ta abu ta yi shiru tana laluben kalmar, ita da ke jero zuriya ba tuntuɓe.

Takwara ce kaɗai ke zuwa wurinta ba a aike ta ba. Wata rana da la'asar Auta ya shigo da ruwan zafi ya tarar da yarinyar ta ɗauko wayar uwarta, ta buɗe shafin gidan tana nuna wa Goggo.

"Ga Baba yana ƙarami, ji bakinsa! Goggo, kin ga akwai wata mai irin sunanmu. An ce ƙanwar Baba Babba ce, ta rasu tana ƙarama. Kin san ta?"

Auta ya tsaya da butar a hannu.

Goggo ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa. "Na san ta," ta ce. "Yarinyar kirki ce. Ita ta yi goyon ubanki." Ta ɗago ta dubi Auta. "Ashe ta rasu. Kuma ba wanda ya zo ya yi mini gaisuwa."

"Goggo, wallahi ni..."

"Ajiye butar kada ka ƙone."

A daidai lokacin Takwara ta ɗauke. Idonta ya tsaya a bango, leɓenta na ɗan motsi. Goggo ta sa hannu ta riƙe kafaɗarta, ba ta girgiza ta ba, ba ta kira sunanta ba, har ta dawo da kanta ta ce, "Me aka ce?" Goggo ta aike ta ta mayar wa uwarta waya.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Ba komai ba ne. Tunani ne irin na yara."

"Ni za ka gaya wa? Da haka nawa ya fara. Kai ta asibiti, Auta, da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Ka faɗi sunanta da ƙarfi. Ciwon nan da magani ake zama da shi lafiya, ga ni nan na tsufa. Ɓoyon shi ne ke kisa."

Ya ce to. Bai kai ta ba. Babban asibiti dai shi ne babban asibiti, kuma yarinyar da ɗan Yaya ke nema tana can.

Yaya Babba ya shirya taro a gida don nuna wa surukai da manyan unguwa shafin zuriyarsa. Aka yi rumfa a tsakar gida, aka aro majigi, aka kafa farin ƙyalle. Auta aka ba aikin haɗa lasifika. Tun da hantsi matar Yaya ta tura sakata, wannan karon har da kwaɗo, ta ba mijinta makullin.

Kafin a rufe, Auta ya leƙa. Goggo na zaune a katifa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Kaina na yi mini wani iri tun safe," ta ce. "Ina jin warin nan."

Ya san warin. Takan ce kafin babbar faɗuwa tana jin ƙaurin ƙonannen gashi.

"Da an tashi zan zo," ya ce.

"Ka gyara musu na'urar da kyau. Kada a ce ƙanena bai iya aiki ba."

Tsakar gida ta cika. Hoton kakansu maƙeri ya fito a ƙyalle, sai muryar Goggo ta fito daga lasifika, garau, da dariya a cikinta. Wannan kakanmu ne, ga tabon wuta nan a goshinsa. Mutane suka yi tsit. Da ta zo kan wadda ta ƙi hawa mota, wurin ya fashe da dariya. Uban yarinyar da ake nema ya jingino wajen Yaya Babba.

"Wannan tsohuwa taska ce. Tana raye?"

"Tsufa ya kama ta," in ji Yaya. "Ta koma wajen danginta."

Auta na durƙushe gefen na'ura, kusa da lungun da ke zuwa bayan gida, shi ya fara ji. Ƙarar bokiti ya faɗi. Sai wani bugu a jikin kwano, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ba irin na mai ƙwanƙwasa ƙofa ba, irin na ƙafar da ba mai ita ke sarrafa ta ba. Wata mata daga cikin baƙi ta waiwaya. Yaya Babba ma ya ji. Ya dubi Auta ta saman kawunan mutane, ya ɗaga yatsa ya juya shi a iska.

Auta ya murɗa, ya ƙara sautin lasifika. Muryar Goggo ta cika gidan, wane ya haifi wane, wance ta auri wane, ta danne komai.

Ya ce a ransa yanzu za ta lafa, kullum tana lafawa. Ya ce makullin ba a hannunsa yake ba. Ya ce saura hoto kaɗan. Bugun bai lafa ba, yana jin sa ta ƙasa, ta tafin ƙafarsa. Hoton gaban ƙofa ya fito a ƙyalle, yaro mai turarren baki ya kai girman mutum, yatsu a kafaɗarsa kowanne kamar muciya. Aka yi dariya, ana nuna Auta. Sai bugun ya tsaya.

Wannan shirun ne ya tayar da shi. Ya ɗauki sukudireba ya bi lungu da gudu, ya kwance ƙarfen da aka maƙala kwaɗon daga jikin ƙofa. Tana kwance tsakanin katifa da buhunan siminti, fuskarta a kife. Ya juyo ta, ya share mata baki da rigarsa, ya kira ta da sunan da rabonsa da kira tun yana yaro. Daga tsakar gida muryarta na cewa, wannan mai hular kawunmu ne, hular ma aro ce, don an ce a maimaita wurin.

Yaya Babba ya iso bayan baƙi sun fara watsewa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa na gaske. Sannan ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ko a gadon asibiti take sai ta tafi." Ya waiwayi tsakar gida. "A bari motocinsu su fita tukuna."

Aka yi mata sutura, aka kai ta. Tsofaffin unguwa da suka san ko ita wace ce suka zo, suka yi gaisuwa, ba su ce komai ba. Surukai suka bugo waya, Yaya ya ce musu tsohuwar nan ce mai murya, an kawo ta jinya rai ya yi halinsa. Suka yaba masa da riƙon amana.

Da Auta ya je ɗaga katifar, sai ya ga wani abu a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin matashi. Siririn yankin hoton ne. 'Yar budurwa tana murmushi, ta miƙa hannu gaba, an datse shi daidai wuyan hannu.

Ya kai shi ofishin adana tarihi. Ma'aikaciyar ta sa safarta, ta kwantar da shi a gilashi, ta jawo hoton gaban ƙofa a allo ta matso da su. Yankan ya hau daidai. Hannu ya koma jikin mai shi.

"Yayata ce," in ji Auta. "Ba ta rasu tana ƙarama ba. Ita ce mai muryar. A makon nan muka binne ta."

Ma'aikaciyar ta cire tabarau ta ajiye. "Ba zan iya taɓa shafin ba, Malam. Wanda ya sa hannu shi ne mai shi. Abin da zan iya shi ne in buɗe maka naka, da sunanka, kai da iyalinka. Ka sa ta a ciki yadda take. Duk wanda ya nemi sunan mahaifinku zai ga biyun, ya ga sun saɓa."

"Yaya zai gani?"

"Kowa zai gani."

Ya tuna shagonsa, da ɗakunansa, da wanda ke riƙe da su. Ya naɗe yankin a tsummansa ya ce zai yi shawara.

Shawarar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan kwanaki Takwara ta faɗi a makaranta, faɗuwa sosai, a gaban 'yan ajinsu. Malamarsu ta rako ta gida. Kafin la'asar Yaya Babba ya shigo shagon Auta, abin da bai saba ba, ya ture wata fanka ya zauna a benci.

"Na ji abin da ya faru. Allah ya sawwaƙe." Muryarsa a tausashe take. "Ka ga abin da nake gudu ke nan. A bar ta a gida tukuna, makarantar nan ba dole ba ce. Hotonta da aka sa a shafi ma zan ce su sauke, kada a yi ta nuna yarinya. Kuma in baƙi za su zo..." Ya share gumi. "Ɗakin bayan nan yanzu babu kowa. Ka riga ka sa fitila da fanka. Sai dai ka mayar da ƙarfen kwaɗon da ka cire."

Auta ya dubi yayansa. Babu mugunta a fuskar, damuwa ce kawai, irin ta mai gida da ke tsara al'amuransa. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Ya ajiye abin da yake gyarawa. Ya shiga cikin gida, ya tarar da Takwara a kwance, uwarta na mata fifita. Ya ce ta sa takalmi. Ya ɗauki tsumman nan ya sa a aljihun gaba.

"Ina za mu, Baba?"

"Asibiti. Daga nan mu biya wani ofis, a ɗauke ki hoto."

Suka bi ta tsakar gida, ta gaban ɗakin da aka yi wa fenti, suka nufi ƙofar gaba. Rana na sama, titi cike da mutane. Yaya Babba ya fito daga shagon.

"Auta! Ina za ka da ita? 'Yar surukan nan fa tana wurin aiki yanzu. Auta, da kai nake! In ka fita ƙofar nan ka san inda za ka kwana!"

Auta bai san inda za su kwana ba. Takwara ta waiwaya tana neman tsayawa. Ya ɗora hannu a kafaɗarta, ya riƙe, suka ci gaba da tafiya.

Shafin Yaya Babba yana nan yadda yake. Duk wanda ya buɗe zai ji wata tsohuwa marar suna tana jero zuriyar gidan tun daga maƙeri, ba ta tsallake kowa ba, kuma zai karanta cewa 'yar gidan ta rasu tana ƙarama. Ba ciwonta ne ya kashe ta ba, ta yi zama da shi har furfura. An fara rubuta mutuwarta ne, sannan gidan ya bi rubutun a hankali har ya cika shi. A ƙarƙashin wannan shafi akwai wani, ɗan ƙarami, mai hoto biyu. Ɗaya yarinya ce da kayan makaranta. Ɗayan tsohon hoto ne, da layin almakashi a tsakiyarsa.